Akwatin Tambaya: Me Ya Sa Fim Ba Ya Bin Komik Sak?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon akwatin ya cika da maganar su Thanos da Spider-Man na komik, wato littafin labari mai zane-zane, har da wata uwa da hankalinta ya tashi, don haka masu tambayar finafinan Indiya da na Koriya ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salam Yaya. Kwanaki abokina ya tura min komik ɗin Infinity Gauntlet a waya na karance shi tas, wlh abin da na gani daban da na fim ɗin Avengers na 2018. A littafi saboda mace Thanos ya kashe rabin halitta, a fim kuma wai abinci ne ba zai isa ba. Wannan ba cin amanar masu karatu ba ne? in ba za su bi littafin ba me ya kai su ɗaukar labarin tun farko. Daga wani ɗalibi, Tudun Wada.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina. Ka karanta daidai. A komik ɗin da Jim Starlin ya rubuta a 1991 an zana Mutuwa da siffar mace, Thanos ya haukace a kanta, duk kisan nan don ya burge ta ya yi shi, ita kuwa ko kallon arziki ba ta yi masa. Toh amma duba halin da masu fim ke ciki. Kafin Infinity War, wato fim ɗin na 2018, an yi finafinai 18 a jerin nan na kamfanin Marvel kuma ko sau ɗaya ba a gabatar da wannan matar ba, ga jarumai sun haura ashirin kowa da masoyansa suna jiran a ba shi fili, ga lokaci awa biyu da rabi ne kacal, in aka ce sai an tsaya an bayyana wa mai kallo wace ce ita, daga ina ta fito, yaushe soyayyar ta fara, ai rabin fim ya tafi. Ni a wurina ma Thanos na fim ya fi ban tsoro, don wancan mahaukacin so ne, wannan kuwa mugu ne mai ganin kansa a matsayin mai gyara, yana kisa yana hawaye yana jiran a gode masa.

Akwai canjin da dole ce ta kawo shi. Ka tuna farkon littafin, wanda ya faɗo ta rufin gidan Doctor Strange yana ihun Thanos na tafe? Silver Surfer ne. A fim Hulk ne ya faɗo, dalili kuwa a lokacin kamfanin Fox ne ke riƙe da haƙƙin fito da Silver Surfer a fim, Marvel ba su da ikon taɓa shi. Zan ƙara bayani a tambaya ta gaba.

Sannan shi kansa komik ɗin ba fuska ɗaya gare shi ba da za a ce ga ta a bi. Spider-Man tun 1962 Stan Lee da Steve Ditko suka ƙirƙire shi, daga nan wata-wata ake fitar da ɗan littafi mai shafi ashirin da wani abu, marubuci ya zo ya tafi wani ya ɗora, wani ya kashe mutum wani ya dawo da shi, wani ya yi masa aure wani ya warware auren. Kamar tatsuniyar Gizo ce, yadda kakarka ta ba ka a Tudun Wada ba lallai haka kakar wani ta bayar a Zariya ba, amma duk inda aka je Gizo mai wayo ne mai haɗama, ranar da aka ce maka Gizo ya zama salihi mai rabon abinci ka san ba shi ba ne.

Da wannan nake auna kowane fim. A komik na 1963 a Biyetnam aka kama Tony Stark, wato Iron Man, ya ƙera rigar ƙarfensa ta farko, a fim na 2008 aka mayar da shi Afganistan saboda yaƙin da mai kallo ya sani ke nan a lokacin, amma mutumin bai canza ba, attajiri mai girman kai da ya ga makaman kamfaninsa a hannun da bai zata ba. Wolverine gajere ne a littafi, Hugh Jackman da ya fito a matsayinsa dogo ne, kuma a fim na 2000 baƙar rigar fata aka sa masa maimakon mai ruwan ɗorawar da aka san shi da ita, sai a 2024 ya sa ta, wa ya fasa son sa? M'Baku na Black Panther a komik laƙabinsa Man-Ape, wato mutum-biri, masu fim suka yar da sunan don sun san abin da ake nufi in aka kira baƙar fata da haka, wannan canji ni na gode musu a kai.

Inda nake tare da kai ɗari bisa ɗari shi ne in aka taɓa hali. Deadpool kowa ya san surutu ne jarinsa, baki ba ya rufuwa, sai ga shi a fim ɗin Wolverine na 2009 an ɗinke masa baki! Masoya suka yi ca, sai a 2016 Ryan Reynolds ya dawo da shi yadda yake kuma kasuwa ta karɓa. Haka a 2013 da Superman ya karya wuyan abokin gabarsa Zod bayan an ragargaza gari, har yau ana musu, ni ina cikin waɗanda abin bai kwanta musu ba, don Superman da na sani tausayinsa ya fi ƙarfinsa yawa, da wannan ya bambanta da sauran. Shi ma Spider-Man a canza masa riga, a canza budurwa, yanar ma a 2002 daga jikinsa take fita alhali a littafi na'ura ya ƙera, duk ba komai, amma dole ya kasance yaron nan mai fama da kuɗin haya wanda mutuwar baffansa Ben ke ci masa rai saboda ya ga ɓarawo ya ƙyale shi. In ka ci gaba da karatun za ka fara gane wannan da kanka, kuma don Allah kar ka daina.

TAMBAYA: Oga barka da aiki. Ina da shagon tura finafinai, kullum kwastomomi sai sun tambaye ni me ya sa Spider-Man har mutum uku, kuma ina su X-Men suka shige lokacin yaƙin Thanos. Ni dai ce musu nake haka Turawa suka ga dama. Daga mai shago, Kawo.

AMSA: Yauwa maigida, barka kadai. Ba ganin dama ba ne, kuɗi ne da takarda. Cikin shekarun 1990 kasuwar komik ta faɗi, har a 1996 kamfanin Marvel ya je kotu ya ce ya karye. A wannan tsakanin suka riƙa sayar da haƙƙin yin fim da jarumansu, X-Men da Fantastic Four suka tafi hannun Fox, Spider-Man ya faɗa hannun Sony a 1999. Da Marvel suka farfaɗo suka ce za su fara yin fim da kansu sai suka tarar manyan duk suna gidan wasu, shi ya sa suka fara da Iron Man a 2008, wanda a lokacin ba ya sahun gaba. A 2009 Disney ta saye Marvel a kan kusan dala biliyan 4.

Sony kuwa suka yi uku da Tobey Maguire daga 2002, suka sake sabon lale da Andrew Garfield a 2012 da 2014, da abin bai ba su yadda suke so ba sai a 2015 suka zauna da Marvel aka yi yarjejeniyar aro, nan Tom Holland ya shigo a Civil War na 2016. Har yanzu haƙƙin fim ɗin na Sony ne. Abin da zai fi ba kwastomominka mamaki shi ne Quicksilver, yaron nan mai gudu, ya fito a fim ɗin X-Men na 2014 ya kuma fito a Avengers na 2015, ɗan wasa daban labari daban, kuma a na Avengers ba a isa a ce Magneto ne ubansa ba saboda Magneto na Fox ne. Sai a 2019 da Disney ta saye Fox a kan dala biliyan 71 da ɗoriya X-Men suka dawo gida, lokacin kuwa an riga an gama ɗaukar yaƙin Thanos. Su Batman da Superman na DC ne, ƙarƙashin Warner Bros, gida daban gaba ɗaya, kar wani ya zauna jiran su a Avengers.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Yarona ɗan shekara takwas ba shi da magana sai ta waɗannan mutanen, shekaranjiya na kama shi ya ɗaura zanina a wuya ya hau katanga wai zai tashi, Allah ne ya tsare. Yanzu kuma ya tasa ni gaba sai na ɗinka masa kayan Black Panther na sallah. Sannan na ji ana kiran wani a ciki wai allan tsawa, gabana ya faɗi. In hana shi kallon ne gaba ɗaya? Daga Maman yara, Malali.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara tsarewa, ya raya mana su. Maganar katanga ba ta wasa ba ce. Ki nemo bidiyon yadda ake ɗaukar finafinan nan, suna nan da yawa a YouTube, ki zauna da shi ya ga ɗan wasan rataye da igiya, ga katifu a ƙasa, ga koren ƙyalle a baya wanda daga baya ake cike shi da kwamfuta. Yaro in ya ga igiyar da idonsa ya fi jin ta a kan faɗa.

Abu na biyu, kuma shi ya fi damuna. Iyaye da yawa da sun ga mutum da rigar kala-kala sai su ɗauka na yara ne. Deadpool, Logan na 2017, Joker na 2019, duk na manya ne zalla, akwai zubar da jini da batsar baki, haka shirin The Boys, shi kuma Invincible katun ne amma jinin da ke ciki ko babba sai ya kau da kai. Yawancin na Marvel a Amurka lambar PG-13 ake ba su, ma'ana ɗan ƙasa da 13 sai da kulawar iyaye, mai lambar R kuwa, wato na manya, ki nisanta shi da shi. Matsalar ita ce fim ɗin da aka tura a memori ba ya zuwa da gargaɗi, don haka ki riƙa tambayar sunan fim ki duba kafin ya kalla, ko ki sa babban yayansa ya duba.

Wanda kika ji ana kira haka Thor ne, Marvel sun ɗauko shi a 1962 daga tsofaffin camfe-camfen mutanen arewacin Turai. Damuwarki tana kan hanya. Hukunci na malamai ne ki tambaye su, abin da ni zan ce shi ne ki faɗa wa yaron ƙarara cewa wannan ƙagaggen labari ne na mutanen da, Ubangiji ɗaya ne ba shi da abokin tarayya, ɗan shekara takwas da ke zuwa Islamiyya zai gane sarai. Hanawa gaba ɗaya ba na ba da shawararta, don zai je gidan maƙwabta ya kalla ba ki nan, gara a gabanki. Kayan kuma in da hali a ɗinka masa na wasa a gida, telolin Kasuwar Barci in kika nuna musu hoto za su fitar, na sallah kuwa a bar masa kaftaninsa da hula.

TAMBAYA: Yaro, ina karanta shafinka wurin jikana. Ku yaran yanzu kuna ganin ku kuka fara wannan abin. Mu a zamaninmu Spear muke bi, har rance muke mu sayi mujallar. Ka san shi kuwa? Daga wani dattijo, Unguwar Sarki.

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma da lafiya, wannan saƙon ya faranta min rai. Lance Spearman ke nan na mujallar African Film, wadda ta yi tashe daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970, ɗan kwalisa mai kwat da malafa, abokin gabarsa Rabon Zollo. Ga yaran da ba su sani ba, ba zane ba ne, hotunan mutane ne na gaske ake jerawa a sa musu magana a baki, kamar fim a kan takarda, kuma baƙar fata ne jarumin tun shekaru kusan hamsin kafin fim ɗin Black Panther. Baba in akwai sauran kwafi a adaka don Allah a adana, a sa jikan ya ɗauki hoton kowane shafi.

TAMBAYA: Yaya ni ne admin na guruf ɗinmu na masoya fim a WhatsApp, rigimar Marvel da DC ta kai har ana zagin iyaye, mutum biyu abokai tun firamare yanzu ba sa gaisawa. Ga masu kallon fim da wuri su zo su faɗi ƙarshensa. Na gaji wlh. Daga admin, Rigasa.

AMSA: Sannu da ƙoƙari ɗan'uwa. Musu kam daɗi gare shi, shi ne rabin abin da ya tara ku, wa zai ci tsakanin Hulk da Superman ana iya kwana a kai. Kuma masoya suna da ƙarfi na gaske, fim ɗin Justice League na DC ya fito a 2017 bayan darakta Zack Snyder ya bar aikin saboda rasuwar 'yarsa wani ya ƙarasa, masoya suka ƙi yarda suka yi shekaru suna kira a intanet, har a 2021 kamfanin ya saki nasa mai kusan awa huɗu, a hanya ma sun tara kuɗi sun ba ƙungiyar da ke yaƙi da kashe kai. Amma cikin irin wannan zafin ne wasu suka addabi wata 'yar wasan Star Wars, Kelly Marie Tran, da zagi har ta goge hotunanta na Instagram a 2018. Ka kafa doka, wanda ya zagi iyaye a cire shi nan take ko waye, wanda ya kalli sabon fim ya riƙe bakinsa sati biyu. Su kuma abokan nan biyu kar ka yi sulhun a guruf, ka kira su wurin mai shayi ku zauna ido da ido, zumuncin firamare ya fi ƙarfin kamfanin da bai san da zamansu ba.

TAMBAYA: Salam Yaya. Ni ɗaliba ce a Kadpoly, ina zane tun ina ƙarama. Burina in ƙirƙiri jaruma Bahaushiya mai ƙarfi irin na su Wonder Woman a yi fim ɗinta a Kannywood, amma duk wanda na faɗa wa sai ya yi dariya ya ce ba mu da kayan aiki. Anya zai yiwu? Daga mai zane, Unguwar Rimi.

AMSA: Ƙanwata zai yiwu, amma ba ta ƙofar da kike kallo ba. Masu cewa ba kayan aiki suna da gaskiya ta wani ɓangaren, Black Panther na 2018 ya ci kusan dala miliyan 200 kafin ya dawo da sama da biliyan 1.3, ba furodusan da zai ba ki ko kusa da haka, kuma in aka matsa aka yi siddabarun kwamfuta na arha yaran da suka saba da Avengers dariya za su yi. Amma duk waɗannan jaruman a takarda aka haife su, da fensir da tawada, Black Panther ya yi shekara 50 a littafi daga 1966 kafin ya taka fim. A takarda ruguza ganuwa da zana kofin shayi kuɗinsu ɗaya.

'Yan'uwanmu na kudu ta nan suka bi. Jide Martin ya kafa Comic Republic a Legas a 2013 suna sakin komik kyauta a intanet. Roye Okupe ya yi Iyanu a littafi, a 2025 ya zama katun a Cartoon Network. Kamfanin Kugali suka yi Iwájú da Disney a 2024. Kuma abin da ya kamata ya tsaya miki a rai, shi Roye ɗin yana da komik mai suna Malika wanda tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau ne ya zaburar da shi. Ya kyauta, ban ga laifinsa ba, amma Turunku, garin da ake danganta ta da shi, tana nan cikin jihar nan ta Kaduna, ganuwar Zariya mota ɗaya ce daga tashar Kawo, ke za ki iya zuwa ki zauna ki zana ta da idonki, ki ji yadda tsofaffin wurin ke ba da labarin.

Roƙona ɗaya, kar ki ɗauko Wonder Woman ki ɗaura mata ɗankwali. Matsattsun kaya da mayafin baya al'adar komik ɗin Amurka ce, mu muna da sulke da lifidi da kwalkwali, muna da 'yan tauri da maharba da 'yan dambe da kirarinsu, muna da rijiyar Kusugu da macijinta. Ki duba Kamala Khan da Marvel suka ba littafinta a 2014, yarinya Musulma 'yar asalin Pakistan, abin da ya sa aka so ta ba ƙarfin ba ne, yadda take fama da dokar gida ne da makaranta da masallaci alhali tana son ceton unguwarsu. Taki jarumar wa take tsoro a gida? Ƙarfe nawa aka ce ta dawo? In ta fita da dare ceton wani me za ta ce wa Mama da safe, me 'yan unguwa za su ce? Me ta taɓa yi da take nadama? Ki amsa waɗannan kafin ki zaɓa mata ƙarfi.

Sai maganar takarda, ki riƙe ta da kyau. Jerry Siegel da Joe Shuster da suka ƙirƙiri Superman sun sayar da shi a 1938 a kan dala 130, kamfani ya kwashi dukiya su suka tsufa cikin talauci, sai a 1975 bayan an yi ta surutu aka yanka musu dala 20,000 a shekara aka mayar da sunansu. Bill Finger da ya yi rabin aikin Batman sai a 2015 aka fara rubuta sunansa, ya daɗe da rasuwa. Don haka ki sa suna da kwanan wata a kowane shafi, ki ajiye na asali, ki yi rajista da hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa, kuma duk wanda ya zo da daɗin baki zai yi fim da labarinki, kar ki sa hannu sai lauya ya karanta, a rubuta shekara nawa aka ba shi da abin da zai dawo miki.

Ki fara da shafi takwas da Hausa, labari ɗaya mai farko da ƙarshe, ki sa a Facebook da Instagram ki ga abin da mutane za su ce, ki kuma nemi ɗaliban sashen zane na ABU Zariya su duba miki hannu. In kin gama ki turo mana, zan kai wa edita da kaina mu ga ko za a samu fili a mujallar nan.